Bahar Maliya a Ɗakin Tsakiya

Ƙanena Zainul'abidin mai gyaran famfo ne, abin da a Khartum ake ce wa sabbak. Ni na goya shi, ni na ƙarasa rainonsa bayan rasuwar Inna, don haka ba wanda zai gaya mini halinsa. Tun yana rarrafe, in an neme shi an rasa, to a duba gindin randa. Yaro ne mai shiru, mai kunnen ƙashi irin na masu shiru, wanda za ki yi wa faɗa ya ce "to", ya juya ya ci gaba da abin da yake yi. Sunan ya yi masa tsawo, muka gutsure shi ya koma Zainu.

Mu jikokin mahajjata ne. Kakanmu ya taso da ƙafa daga ƙasar Katagum zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya tsaya ya ɗan yi aiki kafin ya ƙarasa. A cikin wannan ɗan tsayawar ya yi aure, ya haifi babanmu, ya tsufa, ya mutu. Har ya koma ga Allah bai yarda an dasa ko lemo a gidansa ba, wai mu baƙi ne, gobe za mu wuce. Babanmu ma in an tambaye shi mutumin ina ne, cewa yake yi, "Muna kan hanya." Ba ɗayansu da ya taɓa ganin Bahar Maliya da idonsa, duk da cewa kullum sunanta na bakinsu.

Zainu ya yi koyon sana'a a wani shagon walda da gyaran injin ruwa a Alshajara, daga baya ya koma Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. A garin nan ruwan famfo ba ya hawa da kansa, sai kowane gida ya sa ɗan injin da zai jawo shi, wanda muke kira mutur. To shi Zainu kunne yake kafa wa mutur ya ji abin da ke damunsa, kamar yadda unguwarzoma take saurarar ciki. Ya auri Hanadi, 'yar unguwarmu, suka zauna a gidan babanmu a Alsahafa. Ni aure ya kai ni Omdurman, na yi zamana can har bayan mijina ya rasu, ina ɗinkina. Shekaru suka yi ta wucewa Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗora wa ɗaya laifi ba.

Wata rana aka kira shi wani gida a Amarat, gidan wani baƙo da zai koma ƙasarsu, ana so a kwance masa kayan ruwa. Da la'asar sai ga shi ya tsallako gada ya faɗo mini, ko hannu bai wanke ba.

"Yaya Tayyiba, kin san murjani yana da rai?"

"Wane murjani?"

"Irin na wuyan Kaka. Wanda ake sa wa amare. Wallai yana numfashi, yana buɗewa yana rufewa, na gani da idona a gidan baƙon nan, a akwatin gilashi mai ruwan gishiri."

Na ce ya zauna ya sha ruwa, rana ce ta buge shi. Bai ma ji ni ba.

Baƙon ya bar masa mutur ɗaya da fitila da wasu 'yan gutsattsarin murjanin a bokiti. Sauran kuwa Zainu da hannunsa ya haɗa. Ya yanko gilashi mai kauri a Mantiƙa Sinaiya, ya manne shi ya zama akwati tsawon gadon mutum ɗaya, ya kafa shi a ɗakin tsakiya, wanda ba shi da tagar da rana ke shiga. Yana kiransa hod, kamar yadda ake kiran kwamin ruwa da Larabci, mu ma muka bi shi.

Ashe hod ɗin biyu ne, babba a sama, ƙarami a ɓoye a ƙarƙashinsa cikin akwatin katako. Ruwa ya cika na sama ya malalo ta wata kafa a baya, ya gangara na ƙasa, ya bi ta soso da tsakuwa, ya ratsa wani tulun roba mai tashin kumfa da ke tsince ƙazantar ruwan, sannan mutur ya sake tura shi sama. A cikin babban kuma akwai 'yan farfela biyu manne da gilashi, wannan ta hura ta yi shiru, waccan ta amsa, don abin da ke ciki ya ɗauka igiyar teku ce ke kaɗa shi. Na ce, "Wato yaudararsu kake yi." Ya ce, "Rarrashinsu nake yi, Yaya."

Ranar farko da aka ɗauke wuta abin ya nuna musu halinsa. Mutur ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama ya juya ya riƙa zuƙo shi ƙasa, ƙaramin hod ya cika ya tumbatsa. Hanadi ta dawo daga kasuwa ta tarar da tabarminta na iyo. Ta yi kuka, ni kuma da na ji labari na zo na yi masa wankin babban bargo. Ya zauna a jiƙaƙƙen ɗakin yana kallon bututun nan kamar ba da shi ake ba, can ya tashi ya gasa ƙusa a wuta, ya huda masa 'yar kafa daidai ƙasan fuskar ruwa. In wuta ta ɗauke, ruwa ya ɗan sauka, sai iska ta shiga ta kafar ta yanke zuƙar. Ya ce ya yi wa bututu hanci. Daga baya ya shimfiɗa sola a kan rufi, a kwance bayan katangar bene inda ba mai gani daga titi, ya haɗa da batura, wuta ta daina yi masa barazana.

Abin da ya kasa magancewa shi ne zafin Khartum. Murjani ba ya jure zafi, dole fanka ta riƙa hura fuskar ruwan ba tsayawa. Fanka na sanyaya shi, amma tana shanye shi. Ruwan ya tashi ya bi iska ya bar gishirinsa a baya, in ba a ƙara ruwan daɗi ba sai abin da ya rage ya yi ɗaci ya ƙone duk mai rai a ciki. Don haka safe da yamma Zainu na tsaye da buta yana ɗura masa. Ko gaisuwar mutuwa ya je, ba ya kwana.

Duwatsun ciki wani direban babbar mota ya kawo masa daga Bor Sudan, bakin Bahar Maliya, a jiƙaƙƙun buhuna. Daga nan ne ni na fara tsorata da abin. Duwatsu ne aka sa, duk muka gani, duwatsu masu huji. Amma bayan 'yan makonni sai abubuwa suka fara fitowa waɗanda ba wanda ya zuba su. Wani kamar gashin tsuntsu ya tsiro, in inuwarka ta gifta ya shige cikin dutse kafin ka ƙifta ido. Wasu siraran hannuwa masu zane suka riƙa leƙowa daga ramuka suna lalube a ruwa, ba ka ganin jikin mai su. Murjanin kansa, da na san shi a matsayin jan dutsen ado, ga shi nan kore da shunayya da ruwan ƙasa, yana kumbura yana motsa 'yan yatsu. Fitilar kuma shuɗiya ce, duk wanda ya tsaya gabanta sai fuskarsa ta koma kamar ta wanda aka yi wa wankan ƙarshe.

Sannan ga ƙarar. Wata rana da azahar ina zaune a ɗakin ina kaɗa miya, sai na ji ƙas, kamar an ƙyasta yatsu daf da kunnena. Na waiga, ba kowa. Can kuma ƙas, ƙas. Na ƙwala wa Zainu kira. Zainu ya ce wani ɗan ƙwaron teku ne mai ƙaho ɗaya, ya zo cikin dutse, da ƙahon yake harba ruwa. Na ce ya nuna mini shi. Ya ce shi ma bai taɓa ganinsa ba. Shekara da shekaru abin nan na zaune a gidan babanmu yana ƙyasta yatsu, ba mahalukin da ya san kamanninsa. Ni dai duk sanda zan shiga ɗakin sai na yi bismillah a bayyane, Hanadi na yi mini dariya.

Ana nan sai Allah ya ba Hanadi ciki, bayan kowa ya cire rai. Na rufe ɗakina a Omdurman na taho Alsahafa in yi azumi da su, in ɗauke mata girki. A ƙarshen azumin nan ne yaƙi ya sauka a garin, wata safiyar Asabar, ba sallama. Aka rufe gadoji, ban sake ganin ɗakina ba. Muka yi salla a ƙarƙashin gado. Jirage na wucewa, ƙasa na girgiza, ruwan hod na rawa a gilashi. Asibitin da Hanadi take awo ya rufe. Maƙwabta suka haɗa kai suka samo bas da za ta kai mutane Gadarif, inda dangin babanmu suke, muka karɓi kujeru uku.

Da safen tafiya na fito da kaya na tarar da Zainu a ɗakin tsakiya da buta a hannu, da rigar aikinsa.

"Ina jakarka?"

"Ku yi gaba, Yaya. 'Yan kwanaki ne, za su gaji su bari. Zan biyo ku."

"Za ka biyo mu da me, da hod a ka?"

"Ma'alesh, ki yi haƙuri. Ba zan iya barinsa haka ba."

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ce masa kakanmu ko lemo bai dasa ba don kada wani abu ya riƙe masa ƙafa, shi kuma ya je ya dasa teku a ɗaki. Na ce masa duwatsu ne da tsutsotsi, ba su san shi ba, ba za su yi masa addu'a ba. Na faɗi wasu maganganun da ba na maimaitawa. Ya ce "to", yana ci gaba da ɗura ruwa.

Hanadi ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta karɓe butar ta ajiye, ta kama hannunsa ta ɗora a kan cikinta.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "In na bar shi yau, jibi ya mutu, Hanadi. Ni na ɗauko shi daga inda yake. Ba shi da kowa."

Ta ce, "Mu muna da wa?"

Direba ya yi ta danna ƙaho. Ya rako mu har bakin bas, ya ɗora mana kaya, ya gyara wa Hanadi matashi a baya. Kujerarsa wata tsohuwa aka ba.

A Gadarif muka kama ɗaki a gidan wani dattijo mai sayar da riɗi. Can Hanadi ta haihu, mace. Muka kira Zainu, na kanga wayar a kunnen jaririyar ya yi mata huɗuba da suna Arwa. A bayan muryarsa ina jin ƙugin mutur da zubar ruwa. Na ce, "To ga 'yarka, sai ka taho." Ya ce hanya ba kyau yanzu, amma yana nan tafe. Abin da yake faɗa ke nan duk sanda muka kira, har na daina jin kalmomin, sai ƙugin nan kawai nake ji.

Unguwar ta watse, masu bindiga suka riƙa bi gida gida suna kwasar abin da suka ga dama. Wata rana ya ba mu labari yana dariya. Da tsakar rana suka ɓalle ƙofa, su uku, suka sa shi gaba suna bincike. Suka tura ƙofar ɗakin tsakiya, suka ga duhu da shuɗin haske da abubuwa na motsi a ruwa, suka tsaya cak. Sai kuwa ƙas. Duk suka ɗaga bindigogi, sun ɗauka wani ne a ɓoye ya ɗana tasa. Suka leƙa bayan ƙofa, suka buɗe akwatin ƙasa, ba kowa sai bututai. Ƙas, ƙas, daga cikin ruwan. Babbansu ya tambaye shi wa ke ciki. Zainu ya gaya masa gaskiya, ya ce shi ma bai taɓa ganinsa ba. Suka fita da baya da baya. Tun daga ranar ake ce wa gidanmu gidan aljanu, ko inuwar katangarsa ba sa zama.

"Kin gani, Yaya? Shi ke gadina yanzu."

Ni abin bai ba ni dariya ba. Na ce a raina, ba gadinka yake yi ba, tsare ka yake yi.

Daga baya layin waya ya ɗauke gaba ɗaya. Sai in ya samu zuwa wani shago a kasuwa da ke da na'urar tauraron ɗan Adam muke jin muryarsa, nan da can. Ya rame, ko a murya ana ji. Kiran ƙarshe bayan damina ne, Arwa ta fara tafiya. Ya ce, "Saura kaɗan. Ina wani aiki, in na gama zan taho." Hanadi ta karɓi wayar daga hannuna.

"Ya Abu Arwa, 'yarka ta fara magana. Mai gidan da muke haya take ce wa Baba. Kalas, ya isa haka, na gaji. Kada ka sake kira sai daga tasha."

Ta kashe. Bai sake kira ba.

Labarin wani ɗan unguwarmu ne ya kawo shi, wanda ya tsero cikin sanyi. Ya ce harsashin igwa ya faɗo a kwanar kasuwa, mutane sun mutu, Zainu na cikinsu, an binne su a nan kusa don ba halin kai su maƙabarta. Iyakar abin da ya sani ke nan. Na yi kuka har na shiɗe. Hanadi ta shiga takaba idonta a bushe, abu ɗaya kawai na ji ta ce, "Ya zaɓa." Ban musa mata ba, don ni ma abin da ke zuciyata ke nan. Ina son ƙanena, kuma ina jin haushinsa a kabarinsa.

Da hanya ta buɗe, mutane suka fara komawa duba gidajensu, aka yanke shawara ni zan fara zuwa. Hanadi ta rako ni tasha da Arwa a goye. Ta ce, "Yaya, ba zan sa ƙafa a gidan nan ba, ni da 'yata, muddin abin nan na ciki. Ko bushewa ya yi, ki fasa shi, ki zubar da gilashin inda ba zan gani ba. In kin yi, ki sanar da ni, sai mu taho." Na ce ta kwantar da hankalinta, na daɗe ina fasa shi a zuciyata.

Na sauka Alsahafa da rana tsaka. Ban gane titinmu ba sai da na ƙirga kwanoni. Ciyawa ta tsiro a tsakiyar hanya ta bushe, motoci sun ƙone sun yi tsatsa a inda aka bar su, ƙofofin gidaje a wangale, ana hango ɗakuna wayam. Ba kukan yaro, ba rediyo, ba ƙarar mutur ko ɗaya a unguwar da a da kowane gida ke ƙugi. Karnuka na kwance a inuwa suna bin mutum da ido, ba sa haushi.

Mutum ɗaya na samu, Hajja Fatna, tsohuwar da ke sayar da shayi a bakin kasuwa, maƙwabciyarmu ta katanga. Tun da daɗewa wani yaƙin ya koro ta daga ƙauyensu na kudu, ta ce ta yi gudu sau ɗaya, ƙafafunta ba su da na biyu. Ta rungume ni muka yi kuka, sannan ta kai ni wani fili bayan makaranta ta nuna mini tudun ƙasa da aka kafa wa guntun bututu a kai don shaida. Na yi masa addu'a. Da muka juyo na ce, "Hajja, me ya fito da shi ranar? Ruwa ya je nemo wa dodon nan nasa ko?"

Ta tsaya ta dube ni. "Ya bitti, 'yata, ba a gaya muku ba? Da jaka ya fito. Ya yi aski, ya sa farar jallabiya. Ya miƙo mini makulli ya ce, Hajja, na gama, yanzu ba ya bukatar kowa, zan je in ga 'yata. Tasha ya nufa. Ko kwanar kasuwa bai wuce ba."

Na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Ko kofin ruwan shansa biyu yake raba shi, rabi nasa, rabi na abin nan. Ni ban taɓa shiga ba, tsoro nake ji. Mai gida na kabari tun sanyi, amma gidan bai yi shiru ba. Ina jin sa ta katanga, ba dare ba rana."

Na karɓi makullin. Tun daga zaure na ji shi, ƙugin nan, ya dishe amma yana nan. Na ɗauki guduma a cikin kayan aikinsa da ke jingine a bakin ƙofa. Ƙura ta rufe tsakar gida, ba sawun kowa a kanta sai nawa. Na yi bismillah na tura ƙofar ɗakin tsakiya.

Shuɗin hasken na nan. Fanka na juyawa. Farfela ta hura ta yi shiru, 'yar'uwarta ta amsa. 'Yan kifayen da ya zuba a ciki babu ko ɗaya, amma murjanin ya yi girman da ban taɓa tsammani ba, ya hau jikin gilashi, ya rufe duwatsu, rassansa sun kai fuskar ruwa, duk yana kaɗawa gefe guda kamar yana gaishe da wanda ya shigo. Ruwan kuma a cike yake taf, kamar yanzu aka ɗura. Na juya da sauri na duba bayan ƙofa, wallahi na ɗauka zan gan shi tsaye da buta.

Ina tsaye sai na ji wani ɗan tsiyayi a ƙarƙashin hod. Na durƙusa na buɗe akwatin katako. Ga wani ƙwallon roba yana iyo a ƙaramin hod, irin na tankin bayan gida, wanda ke toshe ruwa in ya cika. A gabana ya ɗan sunkuya, ruwa ya tsiyayo daga wani siririn bututu, ya ɗago, ruwan ya tsaya. Ba hannun kowa.

Na bi bututun da ido. Ya fita ta saman ƙofa, ya bi katanga, ya hau bene. Guntaye ne aka jona, fari da toka da kore, wani na kicin ɗinmu, wani na bayan gida, wasu ban san daga ina ba. Kowace mahaɗa an naɗe ta tsaf da hannun da na sani. Na hau bene da gudumata. Can na tarar da ganguna jere a ƙarƙashin rumfar buhuna, kowace ta jonu da ta kusa da ita, an jawo musu indararon rufi don su sha ruwan damina. A jikin kowace ya rubuta sunan gidan da ya aro ta. Mutumin da Hajja Fatna ta ce yana raba kofin ruwan shansa biyu, shi ya tara wannan duka, ganga bayan ganga, a garin da famfo ya ƙafe, harsashi na yawo a sama.

Wannan ne aikin da yake cewa saura kaɗan. Mu muna can muna cewa ya zaɓi hod ya bar 'yarsa, shi kuma yana nan yana ƙera abin da zai tsaya a madadinsa da buta, don ya samu ya taho.

Na bi gangunan ina ƙwanƙwasawa. Ta farko fanko, ta biyu fanko, haka har zuwa ta ƙarshe. Ita kaɗai ta amsa da nauyi, can ƙasa, ruwan da bai wuce tsawon tafin hannu ba.

Na zauna a kan benen nan na yi kukan da ya fi na Gadarif. Na so in ɗauki waya in gaya wa Hanadi, amma na san ta. Za ta ce ina gyara wa ƙanena suna ne, za ta ce tsohuwa ce ta ƙirƙira don ta sanyaya mana rai. Maganar baki ba za ta shige ta ba. Sai ta tsaya a ɗakin nan da kanta, ta ga ƙwallon nan ya sunkuya ya ɗago, ta bi bututun da hannunta har bene. Kuma ba za ta zo ba muddin abin na nan.

Wayata ta yi ƙara, saƙonta ne. Mu Hausarmu da harufan Larabci muke rubuta ta a waya, yadda ta zo mana, ba mai damuwa da ja ko gajarta wasali. Ta rubuto, "Yaya, kin fasa shi?"

Na dubi gudumar da ke kan cinyata. A baki, fasa tulu daban, fasa tafiya daban, kunne na rarrabewa. A rubuce kuwa kalmar ɗaya ce. Na rubuta mata, "Na fasa."

Ba a jima ba amsa ta shigo. "Alhamdulillah. To ga mu nan tafe, ni da Arwa."

Na ajiye gudumar a kan bene, na share ƙurar da ta rufe sola da gefen mayafina, na sauko. Na ɗauki jarkoki biyu a zaure, na leƙa ta katanga na tambayi Hajja Fatna inda ake samun ruwan daɗi yanzu a unguwar nan.